Kaftani, wandon soso da tela: yadda na sasanta da kayan keken tsere

Keken da muka tashi muka gani, Raleigh ko Phoenix, an ƙera shi ne don mutum ya hau da kayan da ke jikinsa. Sarƙarsa a rufe take, tayoyinsa da madigadi, sirdinsa mai faɗi, mahayi kuma a miƙe yake zaune. Shi ya sa malamin makaranta zai hau da kaftani da hula ya isa aji fes, mai kayan miya ya ɗaure kwandonsa a kariya, dattijo ma ya naɗe hannun babbar riga a kafaɗa, ya tattare gabanta, ya tafi ɗaurin aure. Ban taɓa jin wani ya tambayi irin kayan da ake hawan keke da su ba.

Sai da na sayi keken tsere tambayar ta taso min. Likita ne ya ce sukari ya fara leƙowa, in nemi abin da zai riƙa sa ni gumi, na je na ɗauko ɗan Beljiyam. Da mai gyaran keken unguwarmu ya gama ɗaure shi, da yatsa biyu ya ɗaga ya miƙo min. Ba murfin sarƙa, ba madigadi, ba kariya. Taya siririya, faɗinta milimita 25. Kansa a lanƙwashe yake zuwa ƙasa, sirdin kuma siriri ne mai tauri, har ya ɗan fi kan tudu, don haka dole mahayi ya sunkuya. Mai gyaran ya dubi keken, ya dubi shaddar da ke jikina, ya ce, "Alhaji, da wannan kayan za ka hau? To, Allah ya tsare."

Da su ɗin na fara hawa, kuma a cikin unguwa ba su hana ni komai ba. Abu na farko da ya nuna kansa shi ne ƙafar wando ta dama, don a dama sarƙa take. Babban faifan giya na gaba haƙoransa a waje suke, da ka taka feda bakin wando ya shafo su, sai ka sauka ka tarar da zanen baƙin mai a farar shadda, wanda mai wanki zai yi ta dirza bai fita ba. Maganin wannan tsoho ne: ko ka naɗe ƙafar wandon zuwa sha raba, ko ka cusa ta cikin safa, ko ka ɗaure da kyauro. Ni tsohon tiyub na yanka na yi zobe da shi, har yau yana rataye a kan keken. Shi kuwa kaftani, gabansa yana sauka tsakanin gwiwoyi, bayansa kuma yana lilo a kan tayar baya, kusa da birki. Sai na riƙa tattare shi ina zama a kai. Daga gida zuwa wurin aiki, ko zuwa gaida Hajiya, wannan ya wadatar, kuma ban ga dalilin da zai sa wani ya ce dole sai an canza kaya kafin a yi irin wannan tafiya ba. A Holan, inda kekuna suka fi mutane yawa, da kayan ofis ake zuwa ofis a keke.

Hular kwano na saya tun kafin komai, kuma ita kaɗai ce ban yi wa ciniki da zuciyata ba. Wanda ya taɓa shiga tsakanin 'yan adaidaita sahu biyu a titin Kano ba sai an yi masa wa'azi ba. Sabuwa na nema, don farin soson da ke cikinta sau ɗaya yake aiki: idan ya sha bugu ya matse, ya gama, ko da bayan hular na ƙyalli. Ta gwanjo ba ka san kan da ta taɓa ceta ba. Na duba cikinta na ga tambarin EN 1078, wanda ke nuna ta tsallake gwajin Turai. Na Amurka CPSC ake rubutawa. Su kansu ƙwararrun 'yan tsere sun daɗe suna hawa da hular yadi ko kai a buɗe, sai a 2003 hukumar tseren keke ta duniya ta wajabta musu hular kwano, bayan Andrei Kivilev ɗan Kazakistan ya faɗi a tseren Paris–Nice a watan Maris na shekarar ya rasu. Matsalarta ɗaya a wurina, ta kori hular saƙa daga kaina. Zanna-bukar ba ta shiga aljihu ba tare da ta karye ba, don haka na koma ɗaukar tashi-ka-fiye-naci, wadda za ka dunƙule a tafin hannu.

Lamarin ya canza ne da na fara bin wasu mahaya da ke fita bayan sallar asuba ranakun Asabar da Lahadi, su bi titin Gwarzo, su wuce sabon mazaunin jami'ar Bayero, su kai Janguza ko gaba su juyo. Tafiyar da ta haura awa ɗaya wani abu ne daban. Mai hawan keken tsere yakan juya feda sau 80 zuwa 90 a minti, wato kusan sau 5,000 a awa. Kowane juyi, cinya tana goga gefen sirdi, kuma duk abin da ke tsakanin fata da sirdi yana goga fata. Wandon kaftani yana da ɗinki a tsakiyar hantsa, gajeren wandon ciki shi ma yana da nasa, dukansu daidai inda nauyin mutum yake sauka. Auduga ta sha gumi ta jiƙe, ta naɗe, ta zama igiya. Ranar da muka fara nisa, da na dawo na shiga wanka, ruwa na taɓa matsematsina sai da na dafa bango.

Akwai wani dattijo a cikinmu, tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, Baba muke ce masa. Ya fi mu duka juriya a hanya, kuma ba ya yawan magana. Mako na gaba ya ga yadda nake ta gyara zama a sirdi, da muka tsaya wurin mai shayi sai ya ja ni gefe.

"Ɗana, me ke ƙarƙashin wandon nan naka?"

Na ce, "Gajeren wando ne, Baba, irin na kowa."

Ya ce, "Shi ne yake cin ka. Ka nemi mai soso. Kuma idan ka samu, kada ka sa komai a ƙarƙashinsa. Shi ne na cikin."

Na yi shiru. Ya gane abin da ke raina, ya yi dariya, ya ɗan ɗage bakin dogon wandonsa na motsa jiki ya nuna min baƙar roba a saman gwiwarsa. Ashe duk fitar da muke yi yana sanye da shi a ciki, ban taɓa sani ba.

Abin da ya hana ni tun farko kunya ce, kuma ba na ganin kunyar a matsayin ƙauyanci. An karantar da mu al'aurar namiji daga cibiya take zuwa gwiwa, malaman Malikiyya kuma sun karhanta tufar da ke fitar da siffar al'aura ko da ta rufe ta. Wandon 'yan tsere yana tsayawa a saman gwiwa, ya manne wa jiki ya zana komai. Ni mai iyali ne, daga ƙofar gidana zuwa bakin titi sai na wuce majalisa biyu da shagon abokin surukina. Abin da Baba ya nuna min shi ne, kayan da ya fi kowane amfani a cikin kayan keke shi ne wanda ido ba ya buƙatar gani.

Na yi odar sabo ta hannun wani mai kawo kayan wasanni. Wannan ma ban yarda da gwanjo ba, tunda fata yake taɓawa kai tsaye, soson tsoho kuma ya riga ya kwanta da zaman wani. Iri biyu ya nuna min a waya. Akwai mai roba a ƙugu, akwai mai igiyoyi da ake ratayawa a kafaɗa. Masana sun fi yabon mai igiya don ba ya matse ciki kuma ba ya zamewa, amma shi sai ka cire riga kafin ka sauke shi. Mu da muke tsugunawa mu yi fitsari mu yi tsarki, a bayan gari, da buta a hannu, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Na ɗauki mai roba. Akwai masu arha ƙwarai, wanda sosonsu katifa ce kawai aka yanka aka ɗinke, amma araha ba ta ado, na ƙara kuɗi na ɗauki matsakaici.

Da ya iso na juya cikinsa na duba. Soson ba kauri ɗaya ne da shi ba: ya fi kauri a wurare biyu a baya, inda ƙasusuwan zama ke sauka, ya sirance a tsakiya, gefunansa kuma sun kwanta har sun haɗe da yadin. Babu ɗinki ko ɗaya a tsakiya, waɗanda ke gefe ma a shafe suke, yatsa ba ya jin tudunsu. Da can fatar tunkiya mai laushi ake ɗinkawa a wurin, a jikin wandon ulu, sai an shafa mata mai don kada ta bushe ta yi tauri. Yadin roba mai miƙewa, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1958, sai a tsakiyar shekarun 1970 ya shigo wandon keke, daga baya soso ya maye gurbin fata. Da na sa shi na fito tsakar gida ina tafiya a tale, uwargida ta dube ni ta ce, "Maigida, ai kamar yaron da aka ɗaura wa kunzugu." Gaskiyarta, a tsaye haka yake. An yanka shi ne don mai sunkuye, sai ka hau sirdi yake zama daidai.

Mutane suna zaton laushin soson ne maganin. Yana taimakawa, amma babban aikin wandon shi ne mannewar nan da nake gudu: yana tafiya tare da fata, sai gugar ta koma tsakanin yadi da sirdi. Ciwon ƙashin zama bai tafi nan take ba, wannan sai jiki ya saba, sai kuma an daidaita tsawon sirdi. Saɓar fata ce ta tsaya cak. Ranar tafiya mai nisa nakan ɗan shafa man kaɗanya a inda cinya ta haɗu da jiki, ban taɓa sayen man da ake sayarwa musamman don haka ba.

Saura abin da za a ɗora a kai. Na fara da dogon wandon motsa jiki irin na Baba, amma nawa mai kauri ne, da bazara ta shigo ya zama azaba, ga shi hantsarsa tana kama hancin sirdi duk lokacin da na miƙe tsaye a kan feda zan koma in zauna. Wannan abu ne mai haɗari a tsakiyar motoci. Sai na shiga Kantin Kwari na nemo yadi mara nauyi, mai ɗan miƙewa, ruwan toka mai duhu, na kai wa telana. Tun ina saurayi yake min ɗinki, kuma bai taɓa jin na zo da magana irin ta ranar ba. Na jingine keken a ƙofar shagon, na hau na dafa bango, na ce ya auna ni a haka.

"Yallaɓai, a kan keke zan auna ka?"

Na ce, "A kansa za a sa wandon, Malam."

Ya zagaya ni da tef a wuya yana kallo. Shi ya fara lura da cewa idan na sunkuya bayan wando yana sauka ya bar ƙugu a waje, gaba kuma yana tattarewa ya tokare ciki. Ya ce to a ɗaga baya da kamar yatsa huɗu, a rage gaba. Na ce ba na son ɗinki a tsakiya. Ya yi jim, ya ɗauko alli ya zana wani ƙyalle mai kusurwa huɗu a kan teburinsa, mai tsini gaba da baya, ya ce, "Ai wannan hantsa ce irin ta wandon da, sai dai taka ƙarama za a yi." Haka ne kuwa, masu ɗinka wandon da ake hawan doki da shi sun san wannan tun kafin a haife mu. Ya ƙara 'yar tattara a gwiwa don ta samu wurin lanƙwasa, ya tsuke ƙafar daga sha raba zuwa idon sawu, ya sa zif a gefe don ƙafa ta wuce, kuma a iya naɗewa a yi alwala. Na farko da ya ɗinka hantsar ta ɗan yi zurfi, na hau na zagaya layin na dawo, ya farke ya ɗage ta. Na biyun shi nake sawa har yanzu. Wanda ya gan ni a tsaye wurin mai ƙosai, wandon fensir kawai zai gani.

Ba zan ce bai rage komai ba. Yadi biyu sun fi ɗaya zafi, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, ana jin bambancin. Maganin da na samu shi ne in fita da wuri in dawo kafin rana ta take.

Rigar kuwa iska ce ta sa ni sayenta. Wata safiya da hunturu muka bi titin Haɗeja muka nufi Gezawa, iskar arewa maso gabas tana dukan mu a fuska. Ina sanye da wata jamfa mai faɗi, ta cika da iska ta kumbura a bayana, hannayenta suna ta fat-fat. Wani yaro da na san na fi shi ƙarfin ƙafa ya wuce ni a hankali, cikin rigarsa da ta kama jiki, ko haki ba ya yi. Lissafin a fili yake. Idan gudu ya ninka biyu, turjiyar iska tana ninka huɗu, ƙarfin da za ka kashe ka keta ta kuma ya ninka takwas. Mai tafiyar kilomita 15 a awa bai san da ita ba, shi ya sa babbar riga ba ta damun dattijo mai zuwa ɗaurin aure. Mai gudun kilomita 30 a shimfiɗaɗɗiyar kwalta kuwa, mafi yawan ƙarfinsa iska yake ba wa, kuma jikinsa da kayansa sun fi keken tare ta. Saboda haka 'yan tsere suke matse kaya. A 1989 Greg LeMond ya ci Tour de France, babban tseren keke na Faransa, da tazarar daƙiƙa 8 kacal a kan Laurent Fignon, bayan mako uku ana fafatawa, kuma a ranar ƙarshe LeMond ya fito da hula mai tsini da wani maƙali a kan kekensa na keta iska, Fignon kuwa kansa a buɗe.

A nan gwanjo ya yi rana. A Ƙofar Wambai, idan aka fasa dila, rigunan keke sukan fito a cakuɗe da na ƙwallo, wasu masu kayan ma ba sa son su don masu saye na tambayar dalilin da ya sa aljihu yake a baya. Aljihu uku ne a ƙugu, don idan ka sunkuya abin da ke aljihun gaba lilo zai yi ta yi yana bugun cinya. A na tsakiya nake sa waya cikin leda saboda gumi, a na dama dabino, a na hagu hula da kuɗin shayi. Bayan rigar ya fi gabanta tsawo, bakinta da roba don kada ta tattare sama, ga zif a gaba da za ka zuge idan zafi ya yi yawa. Abin da nake dubawa kafin in biya: zif ɗin, robar ƙugun ko ta saki, da rubutun da ke jiki. Yawancinsu na ƙungiyoyin Turai ne, cike da tallace-tallace, kuma a cikin masu tallan akwai kamfanonin giya da na caca. Mai kayan ba zai gaya maka ba, shi ma bai karanta ba. Sannan awonsu ƙarami ne, na ɗauki wadda ta fi lambata da mataki ɗaya, ta zauna a jiki ba tare da ta zana tumbi ba.

Duk da haka, idan aka ce in faɗi gaskiya, rigar ƙwallo mai daidai jiki tana yin kusan duk aikin nan, aljihu kawai ta rasa. Kuma ba na cikin masu zagin auduga gaba ɗaya. Da bazara, iskar Kano a bushe take, jiƙaƙƙiyar singileti ma sanyi take ba ka. Inda auduga ke cuta shi ne damina, da ba ta bushewa sam, da kuma asubahin hunturu, inda za ka yi gumi a hawa, ka tsaya, sanyi ya kama jiƙaƙƙiyar rigar ya shiga ƙirji. Yadin roba yana fitar da gumi waje ya bushe da sauri, sai dai ya fi riƙe wari. Don sanyin asuba Baba ya koya min dabarar tsofaffin 'yan tseren Turai idan za su gangaro daga dutse: a shimfiɗa jarida a ƙirji ƙarƙashin riga, idan rana ta fito a zare a ninke. Na gwada, tana tare iska sosai, kuma ba sai ka nemi inda za ka sa rigar sanyi ba.

Safar hannu da tabarau ba su da dogon labari. Safar mai yankakkun yatsu tana hana hannu zamewa da gumi, kuma wanda ya faɗi tafin hannu yake fara kaiwa ƙasa. Tabarau kuwa duk wanda tirela ta wuce shi a lokacin hazo ya san amfaninsa. Nawa fari ne irin na masu aikin gini, don da duhu muke fita, baƙi ba ya yi.

Takalmi ne na ƙarshe, kuma shi na fi jinkiri a kai. Silifas tun farko na ajiye su, don suna zamewa daga feda kuma yatsu a waje suke. Kambas ya ɗauke ni tsawon lokaci lafiya lau, in dai an cusa igiyar na dama a ciki kada faifan giya ya kama ta. Samarin cikinmu kuwa kullum maganarsu takalmi mai maƙalewa a feda. Kamfanin Look na Faransa ne ya fito da irin wannan feda a 1984, ya aro dabarar daga maƙalin takalmin masu zamiya a ƙanƙara, Bernard Hinault ya ci Tour de France da ita a 1985, daga nan ta bazu. Irin na 'yan tsere yana da wani faffaɗan maƙali na roba mai ƙusa uku a ƙarƙashi, wanda ya turo waje. A kan keke ba a magana, amma da ka sauka ka zama abin kallo. Na ga wani abokinmu yana ƙoƙarin taka simintin wurin alwala a wani masallacin bakin hanya da shi, dunduniya a ƙasa, yatsu a sama, yana dafa bango. Yashi kuma yana cinye robar, wani lokaci ya toshe ta ta ƙi shiga feda.

Ni na ɗauki ɗaya irin, wanda kamfanin Shimano ya fito da shi a 1990 mai suna SPD. Maƙalinsa ɗan ƙarfe ne mai ƙusa biyu, a nutse cikin tafin takalmin, ana tafiya da shi kamar kowane takalmi sai ɗan ƙas-ƙas a kan tsakuwa. An yi shi ne don keken daji, wasu samarin suna min tsiya wai bai dace da keken tsere ba. Ni da nake sauka in yi walha, in sha shayi, in tura keke a inda kwalta ta fashe, shi ya dace da ni. Kafin in fita titi da shi na sassauta sifirin fedar har ƙarshe, na jingina da katangar gida ina maƙalawa ina murɗa dunduniya waje ina cirewa, har ƙafar ta haddace. A cikin gari, tun daga nesa da danja nake cire ƙafar hagu. Amfanin da na ji ya fi zuwa daga taurin tafin takalmin, wanda ya hana tsakiyar ƙafata zafi a doguwar tafiya, da kuma yadda ƙafa ba ta zamewa idan an faɗa rami. Gudu kam ban ga ya ƙaru da abin a zo a gani ba. Wanda kuɗinsa bai kai ba, ya bar takalmi a ƙarshen layi, bai rasa abu mai yawa ba.

Samarin da ke sa kayan tsere cikakku ban ga laifinsu ba, musamman masu shiga gasa. Suna da waɗanda suke kallo: Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ɗauki koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki, a Tour de France na 2024, an yi gasar duniya a Kigali a Satumban 2025, karon farko a Afirka, 'yan'uwanmu na Burkina Faso kuma suna Tour du Faso tun 1987. Wanda ke neman daƙiƙa dole ya matse kaya. Wasunsu ma da dogon wando suke baro unguwa, sai an fita gari su cire su cusa a aljihun baya, idan an dawo su mayar. Abin da ba na so shi ne a sa sabon mahayi ya ji kamar bai isa shiga sahu ba sai ya sayi kayan da suka kai rabin kuɗin kekensa. Na ga wanda ya zo sau ɗaya da rigar ƙwallo da kambas, aka yi ta masa ba'a, bai ƙara dawowa ba, alhali ƙafarsa ta fi ta masu ba'ar.

Yanzu nisa ne ke zaɓar min kaya. Idan tafiyar ba ta kai rabin awa ba, kaftanina nake sawa, da zoben tiyub a ƙafar dama da hular kwano a ka, ina tafiya a hankali don kada in isa a jiƙe. Idan za ta kai awa, wandon soso ya shiga, wandon tela ya hau kansa, riga ko wacce ta samu. Idan Wudil za mu, tafiyar da ta haura kilomita 40 kafin a yi maganar dawowa, komai nake sawa.

Wankinsu ma sai da na koya, kuma ni nake yi da hannuna. Wandon soso ba a maimaita shi, kuma ba a zama da shi a jiki bayan an sauka, don jiƙaƙƙen soso a wuri mai ɗumi shi ke kawo ƙuraje da maruru. Da na shigo gida nake cire shi, in juya cikinsa, in wanke da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, in matse a hankali ba tare da murɗawa ba, in shanya a inuwa. Zafin rana da dutsen guga suna kashe robar yadin. Mai wankin gidanmu na gaya masa tun ranar farko kada ya kusance su da guga, don na san shi, ko hankici ba ya bari.

Abin da ban warware ba tukuna shi ne damina. Keken ba madigadi, tayar baya tana feso jan ruwan kwalta a layi ɗaya tun daga ƙugu har ƙeya, soso kuma ya sha ruwa ya yi nauyi. Rigar ruwa ta leda na gwada, gumin da ta tara min a ciki ya fi ruwan da ta tare. Mai gyaran keke ya ce zai yanko min 'yar madigadi daga jarkar roba ya maƙala a ƙarƙashin sirdi, telana kuma yana da odar wando irin nawa daga mutum biyu a cikin abokan fitarmu, ya ce in kawo nawa ya ɗinka masa ƙyalle mai ƙyalli a bayan ƙafa saboda fitilar motoci da asuba. Ranar Litinin zan kai masa.